Rangwamen kuɗin wuta na hunturu a Masacusets: in cire tukunyar mai in sa famfon zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Worcester, jihar Masacusets, a Amurka. Da mai muke ɗumama gidanmu, bara mun ƙona wajen galan 700. Na ji an ce yanzu kamfanin wuta yana rage wa masu famfon zafi kuɗi a lokacin sanyi. Gaskiya ne, ko irin tallan nan ne na masu ƙwanƙwasa ƙofa? In gaskiya ne, ya isa in cire tukunyar man? Ƙanwata da ke Boston da gas take ɗumama nata gidan, ita ma tana son sani.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ranki ya daɗe. Gaskiya ne. Daga ranar 1 ga Nuwamba 2025 manyan kamfanonin wuta uku na jihar, wato Eversource da National Grid da Unitil, duk suna da farashi na musamman ga gidan da ake ɗumamawa da famfon zafi. Yana aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu, sauran wata shida kuma ki biya abin da kowa ke biya. Hukumar da ke kula da farashin wuta da gas ta jihar, DPU, ita ta amince da shi. Unitil aka fara amince wa a 2024, National Grid ya biyo baya a cikin shekarar, Eversource ya zo ƙarshe a 2025. A hunturun da ya fara a Nuwamba 2025, ragin ya kama daga wajen senti 4 zuwa senti 7 da ɗoriya a kan kowane yunit, gwargwadon kamfani, kuma an ƙiyasta cewa matsakaicin gida zai tsira da kimanin dala 540 a hunturu guda. Ke a Worcester National Grid ne ke ba ki wuta, ƙanwarki a Boston kuma Eversource.

Amma amsar da zan ba ki daban take da wadda zan ba ƙanwarki, ko da yake tsarin rangwamen iri ɗaya ne. Bari in bi abin daki-daki, don duk wanda ya faɗa miki "e" ko "a'a" bai ga takardar kuɗin wutarki ba, kintace kawai ya yi.

Shi famfon zafi ba wani baƙon abu ba ne. Esi ne, irin wanda kika sani a gida, sai dai an koya masa juyawa baya. Ki taɓa bayan firjinki za ki ji ɗumi. Wannan ɗumin daga cikin firjin aka kwaso shi aka zubar waje. To famfon zafi haka yake yi wa gida: ya kwaso zafi daga iskar waje ya zuba a ɗaki. Mutane kan ce wane zafi ne a iskar Janairu? Akwai. Ruwan sinadarin da ke zagayawa cikin bututun yana tafasa a sanyin da ya fi na wajen ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka a wurinsa iskar da ke yanka miki kunne mai ɗumi ce. Ya sha wannan ɗumin ya zama tururi, kwamfuresa ta matse shi har ya yi zafi sosai, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannu in ana bugawa, sannan fanka ta hura zafin cikin ɗaki. Da bazara ya juya ya zama esi na sosai.

Abin da ya sa ake ta maganarsa shi ne ɗauko zafi ya fi ƙirƙirar zafi araha. Hitar da ake jonawa a bango, in ta ci yunit ɗaya, zafin yunit ɗaya za ta ba ki, ba ƙari. Famfon zafi kuwa in ya ci yunit ɗaya yakan ba da zafin yunit uku ko fiye a rana mai sauƙin sanyi, ya sauko zuwa biyu ko ƙasa da haka a daren da sanyi ya yi tsanani. Ni in ina lissafi a yankinku nakan ɗauki 2.7 na dukkan hunturu, ga na'ura mai kyau da aka ɗaura daidai. Yunit ɗin nan kuma shi ne dai wanda muke saye a mitar kati a Kano ko Kaduna, kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya.

Yanzu ki ɗauko takardar kuɗin wutarki ki juya shafi na biyu. Za ki ga kuɗin ya rabu gida biyu. Akwai kuɗin ita wutar kanta, akwai kuɗin kawo ta. Tun dokar 1997 da ta sake fasalin harkar lantarki a jihar, kamfanin da ke aiko miki da bil ba shi ke samar da wutar ba. Shi nasa falwaya da waya da taransifoma da mita. Wutar yana sayo ta ne a kasuwa ya miƙa miki a farashin da ke canjawa duk wata shida, ko kuma garinku ya saya wa mazaunansa a dunƙule, kamar yadda Worcester da Boston duk suke yi. Rangwamen nan a ɓangaren kawowa kaɗai yake. Bai taɓa kuɗin wutar kanta ba ko da senti ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga masu ƙwanƙwasa ƙofa da kika ambata, kuma kin yi daidai da kika yi shakka. Su ɓangaren farko suke sayarwa. Za su ce ki nuna musu bil, su kwafi lambar asusunki, su ba ki farashi mai daɗi na 'yan watanni, daga baya ya haura. Ofishin Atoni Janar na jihar tun 2018 yake fitar da rahoto cewa gidajen da suka koma hannun irin waɗannan 'yan kasuwa sun biya fiye da yadda da za su biya in sun zauna inda suke, kuma abin ya fi cin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. Rangwamen famfon zafi ba ya zuwa ƙofa. Kamfanin da ke da mitarki ne kaɗai ke sa ki a ciki, kuma ba a biyan komai. Duk wanda ya tsaya a ƙofarki ya ce ya zo yi miki rajistarsa, ki ce masa Allah ya ba da sa'a, ki rufe.

To me ya sa kamfani zai yarda ya rage kuɗi? Ruwa ba ya tsami banza. Wannan shi ne wurin da na fi son ki fahimta, don shi zai nuna miki ko abin mai ɗorewa ne.

Wayoyi da taransifomomi ana gina su ne don awa mafi nauyi a shekara. A yankin New England, jihohin nan shida da suka haɗa layin wuta ɗaya, wannan awar da bazara take zuwa, da yammacin rana mai zafi in kowa ya kunna esi. Mafi girman nauyin da layin ya taɓa ɗauka shi ne megawat 28,130, ranar 2 ga Agusta 2006. Na hunturu mafi girma megawat 22,818 ne, a Janairun 2004. Ki ga tazarar. Ma'ana a lokacin sanyi akwai fili a kan wayar da aka riga aka gina aka kuma riga ake biyan kuɗinta. Kuɗin gina ta da kula da ita kusan a tsaye yake, ko an sha wuta da yawa ko kaɗan. Amma da yake ana karɓarsa ne a kan kowane yunit, gidan da ya koma famfon zafi ya ninka shan wutarsa biyu ko uku a hunturu sai ya tarar yana biyan kason waya na gida biyu ko uku, alhali ba a ƙara ko falwaya ɗaya dominsa ba.

Kin san motar kaya da ta kai buhunan masara kasuwa za ta koma fanko. In kika tare direban da kayanki a hanyar komawa, ba zai caje ki kuɗin zuwa ba, don tafiyar ta riga ta zama dole, ko me kika ba shi riba ce. Wayar hunturu ita ce motar da ke komawa fanko. Shi ya sa ni ban ɗauki wannan ragi a matsayin tallafi ko sadaka ba. Gyara ne na cajin da ya wuce kima. Akwai masu cewa maƙwabcin da ba shi da famfon zafi ne zai cike giɓin, kuma maganarsu ba ta rasa tushe gaba ɗaya: kamfanin yana da adadin kuɗin da hukuma ta yarda ya tara a shekara, in ya ragu ta nan za a daidaita ta can, kuma mutanen da suka riga suka sa famfon tun da daɗewa yanzu za su biya ƙasa da na bara. Amma kowane sabon gida da ya baro mai ko gas yana kawo dubban yunit da da babu su, kowane yunit yana ɗauke da ɗan kason waya, ko da an rage. In irin waɗannan gidaje suka yi yawa, nauyin da ke kan kowa raguwa yake yi.

Ita gwamnati kuma tana da nata dalilin. Dokar jihar ta 2021 ta ɗaure ta da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da rabi nan da 2030, in aka kwatanta da na 1990, kuma tana son gida 500,000 su koma famfon zafi zuwa wannan shekarar. An yi shekaru ana ba da kuɗin sayen na'ura ta shirin Mass Save, sai aka tarar mutum ya sa na'ura, bil ɗin Janairu ya zo, ya shiga gaya wa duk unguwa kada su kuskura. Wutar Masacusets tana cikin mafi tsada a Amurka. Ba ka lallashin mutum ya hau abin da zai riƙa cizonsa duk wata.

Mu zo ga lissafinki. Farashin da zan sa misali ne kawai, ki cire nawa ki sa na takardunki, amma ma'aunan zafin tabbatattu ne.

Galan ɗaya na man ɗumama gida yana ɗauke da zafin wajen yunit 40 da rabi. Tsohuwar tukunya irin wadda ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa na yawancin gidajen Worcester takan shigar da kashi 80 cikin ɗari cikin gida, sauran ya bi bututun hayaƙi. Saura yunit 32 da rabi. Ki raba da 2.7, ya ba ki 12. Wannan lambar ki riƙe ta: kowane galan na mai, yunit 12 na wuta ne zai maye gurbinsa. Galan 700 ɗinki ya zama yunit 8,400.

A ce man dala 3.70 ne galan. Kin kashe dala 2,590. A ce wutarki, in an haɗa kuɗin wuta da na kawowa, senti 33 ce yunit. Yunit 8,400 ya kama dala 2,772. Kin ga ba tare da rangwame ba, kin sayi na'ura mai tsada don ki ƙara biyan wajen dala 180 a shekara. Yanzu mu cire senti 4, na ɗauki ƙaramin ragin da gangan don kada in yi miki alkawarin da bil zai ƙaryata ni. Senti 29 sau 8,400, dala 2,436. Kin dawo ƙasa da mai da wajen dala 150. Sannan ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ba a sa wa famfon mita daban, don haka ragin yana hawa kan duk wutar da gidan ya sha a wata shidan nan, firji da injin wanki da fitilu da komai. In kina shan yunit 500 a wata dama can, wannan wata dala 120 ce.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki raba kuɗin galan da 12. Dala 3.70 ta ba da kusan senti 31. Muddin yunit ɗinki na hunturu yana ƙasa da haka, famfon ya fi mai araha. Abin da rangwamen ya yi miki ke nan, ya tsallakar da ke daga wannan gefen layin zuwa wancan. Ba dukiya za ki tara ba. Kuma in yi miki adalci, akwai ɗan ɗumamawar Oktoba da Mayu da ba ta shiga ragin ba, sannan in tukunyarki ce ke dafa ruwan wanka, wani kaso na galan 700 ɗin na ruwa ne, sai an yi masa nasa tanadin daban.

Ƙanwarki kuwa labarinta ya sha bamban. Gas ana auna shi da abin da suke kira tam, za ta gan shi a bil ɗinta, kowane ɗaya zafin yunit 29.3 ne. In tukunyarta sabuwa ce mai shigar da kashi 95, kowane tam yunit 10 da 'yan kai ne na famfon zafi. In tsohuwa ce mai kashi 80, bai kai 9 ba. A ce tam ɗin dala 2.30 ne duka-duka. Da sabuwar tukunya, sai wuta ta sauko wajen senti 22 kafin su yi kunnen doki. Da tsohuwa, wajen senti 26. Ko da babban ragin, in wutarta ta taso daga senti 33 ko 34, tana nan a bakin layin ko sama da shi. Don haka in tukunyarta lafiya lau take, kuma kuɗi kaɗai take dubawa, ni ba zan ce ta cire ba. In tukunyar ta tsufa, ko dama tana shirin sayen esi na dukkan gida, to magana ta canja, don na'ura ɗaya za ta yi mata aiki biyu, kuma tana iya amfani da famfon a ranakun da sanyi bai yi tsanani ba, inda ya fi ƙwazo, ta bar gas ya karɓa a daren ƙanƙara. Rangwamen bai ce sai an ɗumama dukkan gidan da famfon ba, ko wani sashe ne an yarda. Famfon dafa ruwan wanka shi kaɗai ne bai isa ya shigar da mutum ba.

Waɗanda abin ya fi yi wa daɗi su ne masu gas na tanki da ake kawowa a mota, da masu hitar lantarki ta gindin bango. Su ko babu rangwame sun ci riba. Na biyun nan kuɗin ɗumamawarsu yakan faɗi ƙasa da rabi.

Duk lissafin nan yana rataye ne a kan lambar nan 2.7, kuma ita ba a jikin kwali take ba, a gidanki take. Na taɓa shiga wani gida a watan Fabrairu, maigidan ya ajiye mini bil a kan teburin cin abinci yana huci, ya ce an yaudare shi. Na'urarsa mai kyau ce. Na tambaye shi yadda yake amfani da ita, ya ce kamar yadda ya saba da tukunyar mai: da dare ya sauke ma'aunin bango mai saita ɗumin gida ƙasa sosai, da asuba in ya tashi salla ya ɗaga shi sama gaba ɗaya. Na buɗe akwatin da ke hura iska na nuna masa wasu wayoyi masu kama da na risho na lantarki. Waɗannan na ko-ta-kwana ne. In ka nemi gida ya hau digiri da yawa lokaci guda, na'urar takan ga ba za ta iya da sauri ba, sai ta kunna su, su kuwa yunit ɗaya zafi ɗaya suke bayarwa. Kullum da asuba, a lokacin da ya fi kowane sanyi, yana mayar da famfonsa hitar bango da hannunsa. Muka tsayar da ma'aunin wuri ɗaya, muka hana wayoyin nan kamawa sai in sanyi ya kai wani matsayi. Shi famfon zafi tafiyar raƙumi yake so, a hankali ba tsayawa. Ki sa shi a inda jikinki ke so ki ƙyale shi.

Wani abin da ke firgita sababbin shiga: wata safiya za ki leƙa ta taga ki ga akwatin waje yana fitar da farin tururi, fankarsa ta tsaya, ruwa na ɗiga a ƙasa. Ba ƙonewa yake ba. Ƙanƙara ce ta taru a jikinsa, ya juya na 'yan mintoci yana narkar da ita. Abin da ya kamata ki tabbatar shi ne an ɗaga shi a kan ƙafafu sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, don Worcester tudu ce, ta fi Boston samun dusa, kuma kada a ajiye shi a inda ruwan rufi ke zubowa.

Kan ko zai iya da sanyinku, zai iya in an sayi irin na ƙasashen sanyi. Akwai masu ba da cikakken ƙarfinsu har a digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, su ci gaba da aiki har wajen 25 ƙasa da sifili. Ranar 4 ga Fabrairu 2023 Boston ta kai 23 ƙasa da sifili, sanyin da ba ta gani ba tun 1957, kin ga ko wannan daren yana cikin iyakarsu. Jihar Maine da ke arewa da ku, wadda ta fi ku sanyi, ta sa wa kanta burin famfo 100,000 zuwa 2025 ta cika shi tun 2023.

Sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yawancin gidajen nan masu hawa uku na Worcester sun haura shekara ɗari, wasu bangonsu fanko ne, iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga da saman silin. Kafin ki kira mai sayar da na'ura, ki kira Mass Save su zo su duba gidan. Kyauta ne, ko in ce kin riga kin biya, don akwai layin kuɗinsu a cikin bil ɗinki kowane wata. Suna ɗauke kashi 75 zuwa 100 na kuɗin cusa wa bango da rufi abin tare sanyi. Gidan da aka toshe yana bukatar ƙaramar na'ura, kuma galan 700 ɗin nan zai ragu tun kafin a taɓa tukunya. Ɗan kwangilar da ya leƙa gidan ya faɗi girman na'ura da ido, bai auna ɗakuna da tagogi ya yi lissafi a rubuce ba, ki nemi wani. Na'urar da ta yi wa gida girma kunnawa da kashewa take ta yi, ta ci wuta a banza.

Game da kuɗin saye, tallafin Mass Save na mayar da dukkan gida ya kai dala 10,000 a 2025, amma yana canjawa daga shekara zuwa shekara, ki tambayi na yanzu. Ragin harajin tarayya na dala 2,000 ya ƙare a ƙarshen Disamba 2025. Akwai kuma rancen da shirin ke shiryawa da bankuna wanda babu ruwa a kansa, na san wannan zai yi wa da yawa daga cikinmu daɗi. Sharaɗi ɗaya ya shafi tambayarki kai tsaye: babban tallafin na wanda zai cire tsohuwar tukunya ne ko ya katse ta. Wanda zai bar ta tana taimakawa, ƙaramin tallafi yake samu, kuma akan nemi a haɗa na'urorin biyu da abin da zai riƙa zaɓar wadda za ta yi aiki.

Shiga rangwamen ba wuya. Waɗanda suka sa famfo da tallafin Mass Save daga 2019 zuwa yanzu kamfanoni sun sa su da kansu. Wanda ya sa nasa da kuɗinsa, ko ya sayi gida ya tarar da shi, ko ɗan haya ne da mita ke da sunansa, sai ya nemi kamfanin ya cike takarda. Mai rangwamen masu ƙaramin ƙarfi ba ya rasa nasa don ya shiga wannan. Garuruwan da ke da kamfanin wutarsu na kansu kuwa, irin Shrewsbury da ke maƙwabtaka da ku, ba sa cikin wannan tsari, su ke yanka farashinsu, kuma sau da yawa dama ya fi araha.

Abin da ya rage shi ne wanda masu talla ba za su faɗa miki ba. Na ce miki dalilin ragin shi ne motar tana komawa fanko. To in kowa ya ɗora kaya a hanyar komawa, wata rana ita ma za ta cika. Masu tafiyar da layin wutar yankin, ISO New England, sun yi hasashen cewa a cikin shekarun 2030 awa mafi nauyi za ta tashi daga yammacin bazara ta koma hunturu, saboda famfunan zafi da motocin lantarki. Ran da hakan ta faru, hujjar ragin bai-ɗaya na wata shida ta raunana. Ga kuma matsalar da ta riga ta kasance: kusan rabin wutar yankin da gas ake samar da ita, bututun da ke kawo gas ɗin ba su da yawa, in sanyi ya tsananta gidaje da tashoshin wuta su yi ta ja-in-ja a kansa, har akan kawo gas ta jirgin ruwa zuwa Everett kusa da Boston. Shi ya sa ɓangaren kuɗin wutar kanta, wanda ragin bai taɓa ba, yakan yi tsada daidai lokacin da kika fi bukata.

Inda nake ganin za a dosa, wasu ƙasashe sun riga sun nuna. A Birtaniya kamfanin Octopus yana da farashin masu famfon zafi mai suna Cosy, inda wuta ke araha da asuba da tsakar rana da kuma can dare, ta yi tsada daga ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma. A Jamus tun Janairun 2024 mai sabon famfo yana samun ragin kuɗin waya, shi kuma ya yarda kamfani ya iya rage wa famfon ƙarfin wuta zuwa kilowat 4.2 na ɗan lokaci in layi ya yi nauyi. A Kwibek ta Kanada akwai tsarin da wuta ke araha har sai sanyi ya kai 12 ko 15 ƙasa da sifili, a nan gidan ya koma kan mai ko gas da kansa. Duk ukun suna duba lokacin da layi ke da nauyi ne, ba wata shida a dunƙule ba. A Masacusets ma ana kan canja mitoci zuwa masu ƙirga awa-awa, kuma ba don ado ake yi ba. Na'urar da za ki saya za ta yi shekara 15 ko fiye, don haka kada ki gina dukkan lissafinki a kan senti 4 ɗin nan. Gidan da aka toshe da kyau yana riƙe ɗumi na awanni, shi zai iya hutar da na'ura a awa mai tsada, ko wane irin farashi aka kawo.

Da ni ne a gidanki, Hajiya, bana zan toshe gidan in ga galan nawa ya rage. In tukunyar ta haura shekara 20, ko tankin man ya fara tsatsa a gindi, zan cire su gaba ɗaya in karɓi babban tallafin, kuma da bazara zan yi aikin lokacin da 'yan kwangila ba sa gudun gaggawa, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa tukunyar da sauranta, zan sa famfo a falo da ɗakunan kwana, in bar ta tana jiran dare mai tsanani. A kowane hali, bil ɗin farko da ya zo bayan an sa ki a tsarin ki duba layin kuɗin rarraba wuta ki kwatanta da na Oktoba. In lambar ba ta sauka ba, ba a sa ki ba, ki kira su a ranar. Ki ce wa ƙanwarki ta duba jikin tukunyarta, akwai ɗan allon ƙarfe ko takarda mai shekarar ƙira da kason da take shigarwa, ta turo mini shi tare da bil ɗin gas na Janairu.